Hukuncin Taya Mabiya Addinin Hindu Azumin Ekadashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a birnin Pune na ƙasar Indiya, ina haya a gidan wasu dattawa, mata da miji, mabiya addinin Hindu, kuma kuɗin hayar har da na abinci. Sau biyu a wata uwar gidan tana wani azumi da suke kira Ekadashi. Ranar ba a dafa shinkafa ko alkama ko wake, sai 'ya'yan itace da madara da wani abinci na rogo da gyaɗa. Matar nan ta riƙe ni kamar ɗan cikinta, da na kwanta ciwo ita ta yi jinyata. Ta roƙe ni in riƙa taya su, na kuwa fara, har idan na je makaranta ranar ba na cin shinkafa don kada in karya. Ban taɓa nufin bautar gumakansu ba, kuma ina jin sauƙi a jikina. Wani abokina ya ce babu laifi, tunda Annabi (SAW) ya yi azumin Ashura da ya tarar Yahudawa suna yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ƙara maka kishin addini, ya sa ka gama karatunka lafiya. Na ga abin da ya ɗaure ka kunyar wadda ta yi maka alheri ce, kuma wannan halin 'ya'yan kirki ne. Amma a tambayarka akwai abubuwa biyu da ka haɗa wuri guda, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Cin abin da aka dafa a gidan a wannan rana halal ne. Ka biya kuɗin abinci, an kawo maka sabudana, wato ƙwayoyin sitacin rogo da ake soyawa da dakakkiyar gyaɗa da dankali, ka yi bisimilla ka ci, babu komai a kanka. Inda hukuncin ya juya shi ne faɗarka cewa a makaranta ma kana ƙin cin shinkafa "don kada in karya". Ai ba a karya abin da ba a ɗaura ba. A makaranta babu idon uwar gida, shinkafa tana gabanka, kana da kuɗin saye, abin da ya riƙe hannunka kawai shi ne alfarmar da ka ba ranar a zuciyarka. Daga nan ka tashi daga matsayin baƙo mai cin abin da ya samu, ka shiga sahun masu kiyaye ranar, wannan kuwa haramun ne, wajibi ka daina.

Ya kamata ka san abin da kake tayawa. Ekadashi ita ce rana ta 11 a kowane rabin wata na lissafinsu, ɗaya lokacin da wata ke cika, ɗaya lokacin da yake raguwa, shi ya sa take zuwa sau 24 a shekara, ko 26 a shekarar da suka ƙara wata. An keɓe ta ne ga abin bautarsu Vishnu, kuma a labaran da suke kafa hujja da su, zunubi yana fakewa a cikin hatsi a wannan yini, don haka ake guje masa. Kowace Ekadashi da sunanta da ladan da suke fata. Akwai Nirjala a tsananin zafi, wajen Mayu zuwa Yuni, wadda ko ruwa ba a sha. Akwai ta watan Ashadha, wajen Yuni zuwa Yuli, ranar da suke cewa Vishnu yana shiga barcin wata huɗu, ba ya farkawa sai Ekadashi ta watan Kartik. Kai da ke Pune ka fi ni ganin wannan, domin ayarin masu tafiyar ƙasa daga garuruwan Alandi da Dehu ta cikin Pune suke ratsawa zuwa ɗakin bauta na Vitthal, wanda suke ɗauka wata siffa ce ta Vishnu, a garin Pandharpur don su riski ranar. Buɗe bakin ma da ƙa'idarsa, sai washegari bayan fitowar rana. Abin da ke da lokaci da sharaɗi da wanda ake yi dominsa ibada ce cikakkiya, ko da kai ka kira shi gyaran ciki.

Da ka yi shi da nufin neman kusanci ga Vishnu, da ya zama shirka ba tare da saɓani ba. Ka ce ba ka nufa ba, na kuma yarda da kai, don haka kada waswasi ya kama ka a kan Musuluncinka. Istigfari da bari su ne a kanka, babu kaffara.

Maganar abokinka ita ce ke buƙatar tsayawa, domin ana yawan jin ta a bakin masu karatu, kuma kamarta da hujja tana ruɗarwa. Wanda ya kawo ta ya ɗauki tsakiyar labari ne ya bar farkonsa da ƙarshensa. Farkonsa shi ne abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa Ƙuraishawa suna azumtar Ashura tun zamanin jahiliyya, Annabi (SAW) ma yana azumtarta tun kafin ya je Madina, saboda haka ba daga Yahudawa ya koya ba. Da ya tambaye su dalili suka ce ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya ce mu ne muka fi cancanta da Musa a kanku. Dubi tushen: annabi ne na Allah, ni'ima ce ta Allah, godiya ce ga Allah shi kaɗai. To wace kalma za ka faɗa a Ekadashi da za ta yi daidai da wannan? Za ka ce ka fi su cancanta da Vishnu? Sannan shi Manzon Allah ne, wahayi ke tabbatar masa ko ya hana shi, abin da ya aikata ya zama shari'a, ni da kai kuwa ba mu da ikon ɗauko rana daga wani addini mu shigar da ita namu. Kuma ya azumce ta ne irin azumin Musulunci, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Ƙarshen labarin shi ya fi rusa hujjar, domin da aka ce masa rana ce da Yahudawa da Nasara ke girmamawa, sai ya ce in ya kai baɗi zai azumci ranar tara. Hadisin da abokinka ya kawo don halatta kamanceceniya, a kan neman saɓawa ya ƙare, kuma da Ahlul Kitabi ma ke nan.

Abin da ya fi dacewa da mas'alarka shi ne mutumin da ya yi bakance zai soke raƙuma a wani wuri da ake kira Buwana. Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunki da ake bauta wa a wurin, ko wani idi nasu. Yanka ne don Allah, niyya tsarkakakkiya, amma ba ta isa ba da a ce wurin na shirka ne, kuma abin da aka kiyaye a wuri ana kiyaye shi a lokaci. Malamanmu na Malikiyya har keɓe fararen kwanaki da azumi sun karhanta, don tsoron kada a ɗauke shi wajibi, balle ranar da tushenta wani abin bauta ne. Batun lafiya kuwa, rage hatsi ba ya buƙatar kalandarsu, kowace rana jikinka zai amfana.

Akwai kishiyar wannan da nake tsoron ka faɗa ciki, wato ka bar sunnoninka don gudun dacewa da su. Mabiya Hindu suna azumtar Litinin don Shiva, wani abin bautarsu, musamman a watan Shravan, suna kuma azumtar ranar cikar wata, wadda ke faɗowa a fararen kwanakinmu. Lissafinsu yana farawa ne daga haɗuwar wata da rana, namu daga ganin jinjirin wata, don haka Ekadashi ta farko takan faɗo wajen tara ko goma ga watanmu, ta haɗu da Arfa ko Ashura. Yi azuminka, domin shari'arka ce ta kira ka, dacewar ba ta cutar da kai. Amma ka lura, a 2022 da 2023 Ekadashi ta Ashadha ta faɗo ne a ranar Babbar Salla a Indiya, ranar da azumi yake haramun ga Musulmi. Wanda ya ɗaure kansa da kalandar wasu, wata rana za ta kai shi ga ƙauracewa naman layyarsa.

Ba ka tambaye ni game da prasad ba, amma na san yana zuwa hannunka, wato alewa ko ayaba ko kwakwa da ake ajiyewa gaban gunki a kusurwar ɗaki, tsakanin fitilar man shanu da turaren tsinke, sannan a raba don neman albarka. Nana A'isha ta halatta cin 'ya'yan itacen da Majusawa ke kyautarwa ranar idinsu, ta hana yankansu, amma wannan an miƙa shi ga gunki, karɓarsa ma yanki ne na ibadar. Kada ka ci.

Ita kuwa dattijuwar, haƙƙinta a kanka babba ne, kuma Suratul Mumtahana ta buɗe maka ƙofar kyautata mata. Kada ka zagi abin da take bauta wa, kada ka ɗaure mata fuska. Same ta a ranar da ba ta azumi, ka gaya mata cewa kamar yadda ita ba ta taɓa hatsi a Ekadashi saboda addininta, kai ma addininka ya ƙayyade maka ranakun azuminka. Mai kiyaye doka irin tata takan fahimci mai doka. Ɗauke mata kayan cefane, raka mijinta asibiti, kawo mata tsaraba idan ka dawo daga gida, kuma kada ka nemi ta dafa maka shinkafa a ranar, ka saya a waje ka ci a can. Wallahu a'alam.