Wayarka ta san jinsi, tsuntsu ya san dangi

Tambaya: Na sauke manhajar Merlin don gane kukan tsuntsaye, amma ba ta jin komai.

Amsa: Ba ka ba ta izinin makirfo ba. Shiga saitin waya ka buɗe mata. Sannan ka yi shiru, tsuntsu take saurara, ba kai ba.

Tambaya: Malam, na ɗauki kukan wasu tsuntsaye masu yawo tare, na kunna wa wani garken irinsu a lasifika. Sai suka taso kamar za su cinye wayar. Ba 'yan'uwansu ba ne?

Amsa: Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Kai da ba ka ɗaga baƙuwar lamba, ka kai musu baƙo har gida, kana mamakin sun yi faɗa!

Manhaja jinsi kawai take faɗa maka, wato wane irin tsuntsu ne. Shi tsuntsu yana jin wane ne ya yi kukan. Akwai ƙaramin aku a Benezuwela da 'ya'yansa ke samun kira na kansu tun a sheƙa, suna gina shi a kan na iyayen da suka rene su, kamar suna. Wanda ya fi burge ni wani ɗan tsuntsu ne a Ostireliya: binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna uwar tana rera wa ƙwanta wani sauti, idan suka ƙyanƙyashe sai su sa shi cikin kukan neman abinci. Kalmar sirri ke nan, kuma kowace sheƙa da tata. Ɗan wani tsuntsu da aka ɗora mata ƙwansa a ɓoye ba ya iya kwaikwayonta da kyau. Ita ko ba ta sa 1234, ba kamar wasunku ba.

To muryar da ka kunna ba su san ta ba, mai kutse suka ji. Sun bar kiwo, wataƙila sun bar ƙwai, suna farautar abokin gābar da babu shi. Shi ya sa aka hana wannan a gandun dajin ƙasa na Amurka. Ɗauki sautinka, ka saurara da abin kunne kamar yadda nake yi.

Tambaya: Na tura wa ƙanwata kukan tsuntsu ta saƙon murya na WhatsApp, ya fita a dakushe.

Amsa: Hajiya, don maganar mutum aka yi saƙon murya, matse sauti yake yi. Ɗauka a WAV, tsarin ajiye sauti da ba ya matse shi, ki tura a matsayin fayil.