Tafiya ƙasa mai zafi da jakar goyo: amsoshin tambayoyin 'yan'uwa mata

Assalamu alaikum. Satin nan tambayoyin da aka turo min kusan rabinsu akan tafiya ne, kuma duk daga mata, shi yasa na haɗa su waje guda. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Dakta barka da aiki. Ni ɗaliba ce daga Gwale, zamuyi tafiyar sati uku ni da ƙawayena zuwa Malesiya da Indonesiya, kuma ance kowa jakar goyo ɗaya zata ɗauka saboda zamu dinga canja gari. Ance akwai zafi sosai amma nace ni 'yar Kano ce wane zafi ne ban gani ba. Dan Allah me ya kamata in zuba a jakar?

Amsa: Ƙanwata Allah ya kai ku lafiya. Amma maganar nan ta ni 'yar Kano ce, ajiye ta tukunna, don zafin da kika sani da wanda zaki tarar ba ɗaya bane. Namu na watan Afrilu yana haura digiri 40 amma busasshe ne, kina zufa tana bushewa, kuma bushewar nan ita ce take sanyaya jiki. A Kuala Lumpur ma'auni zai nuna miki 32 ko 33 kiyi zaton sauƙi ne, alhali iskar cike take da laima, zufa ta fito ta rasa inda zata je sai ta kwanta miki a jiki, riga ta manne, ƙasan mama da matsematsi su jiƙe tun safe har dare. Wanda ya taɓa kwana a Legas da damina ya ɗan ɗanɗana.

To da wannan zaki zaɓi kaya. Baƙar abayar nan mai santsi da hijabin roba mai kauri ki bar su a gida, wallahi kamar ki shiga leda ne. Ki shiga Kantin Kwari ki nemi yadin auduga mara nauyi mai haske, ki sa tela ya ɗinka miki dogayen riguna masu faɗi guda uku ko huɗu, da wando mai sakin jiki guda biyu, da mayafi marasa kauri. In zaki gane yadin, ɗaga shi ki hura iska ta ciki da bakinki, in kinji iskar a tafin hannunki to yayi. Atamfa mai sitaci da leshi ba na wannan tafiyar bane, suna da nauyi kuma in kin wanke sai su kwana biyu basu bushe ba. Hular ƙasan hijabi ma ta zama ta auduga, kuma kiyi ƙananan kitso kafin ki tashi, da kin koma masauki ki buɗe kan ya sha iska, don gashi in ya wuni a jiƙe a rufe ƙaiƙayi da amosani ne suke biyo baya.

Fant da rigar mama nan ne ban yarda ayi rowa ba. Na auduga, kamar guda bakwai, ki canja da kinji ya jiƙe, ki wanke da daddare ki shanya, kuma kar ki maida wanda bai gama bushewa ba. Na sha ganin mata a asibiti da ƙasan mama yayi ja jawur kamar an ƙona da ruwan zafi, gefe gefe da ƙananan ƙuraje, kuma ba komai bane illa zufa da gogayya da suka ba ƙwayar cutar fungus wajen zama. Ki saka siririn wando a ƙarƙashin doguwar riga saboda gugar cinya, ki riƙe ƙaramar robar basilin da man clotrimazole ɗaya, maganin irin waɗannan ƙurajen.

Takalmi biyu sun isa, kambas wanda kika riga kika saba takawa da silifas na banɗaki. Sabon takalmi kar ki fara shi a hanya. Bayan alwala ki goge tsakanin yatsun ƙafa sosai kafin ki sa safa, abu ne ƙarami amma shi yake hana yatsu tsagewa suyi fari suna wari.

In kin gama haɗawa ki ɗora jakar akan sikeli. Kar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinki, wato in kilo 55 gare ki to kilo 11 shine iyaka, in ta gaza haka ma yafi. Yawancin jirage kilo 7 suke bari a shiga dashi ciki, kuma duk abu mai ruwa robarsa kar ta wuce mililita 100. Ki sayi jaka mai ɗamara a ƙugu don nauyin ya sauka akan ƙugunki, kafaɗa ta huta.

Tambaya: Dakta na lissafa al'adata zata zo a tsakiyar tafiya, in sha maganin tsayarwa irin wanda ake sha lokacin aikin Hajji?

Amsa: Ana iya sha, amma ba kowa ba. Sunan maganin norethisterone, mutane sun fi saninsa da Primolut N, ana fara shi kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, in an daina jinin yazo bayan kwana biyu zuwa uku. Matsalar shine yana iya ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, ga ki kuma zaki zauna a jirgi awanni da yawa ƙafa a lanƙwashe, ga zufa tana ƙarar da ruwan jiki. In kin taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko akwai shi a gidanku, ko kina da ciwon hanta, ko ƙiba sosai, ko akwai yiwuwar kina da ciki, to kar ki taɓa shi sai likita ya zauna dake. Kuma baya hana ɗaukar ciki a yadda ake shansa ɗin nan, wannan mata da yawa basu sani ba.

Ni dai shawarata in ba wani dalili mai ƙarfi, bar jinin yazo. Ki ɗauki audugar da kika saba da ita wadda zata ishe ki, ki matse a leda mai zif, ki dinga canjawa duk awa huɗu zuwa shida ko bata cika ba, saboda a wannan laimar auduga in ta daɗe sai ta ci miki fata. Ki haɗa da ƙananan baƙaƙen leda na zubarwa da ƙaramar robar ruwa da zata zame miki buta. Tsarki da ruwa zalla ya wadatar, banda Dettol, banda tura sabulu ko turare ciki, suna kashe ƙwayoyin da suke kare wajen ne sai ƙaiƙayi da farin ruwa su samu ƙofa.

Sannan abin da nafi gani wajen mata matafiya, ƙin shan ruwa don gudun banɗakin hanya. Dan Allah kar kiyi. Riƙe fitsari da ƙarancin ruwa sune suke kawo ciwon mara da zafin fitsari. Ki dinga duba fitsarinki, in yayi kalar ruwan lifton mai kauri to jikinki yana binki bashin ruwa.

Tambaya: Likita mu da muka tashi cikin sauro a Kano sai mun damu da maganin sauro kuma?

Amsa: Ƙwarai kuwa, don sauron can aikinsa daban. Namu da ya dame mu da maleriya da daddare yake cizo, shi yasa gidan sauro yake mana amfani. A ƙasashe irin su Tailan, Malesiya, Indonesiya da Indiya akwai zazzaɓin dengi, sauronsa mai ɗigon fari a ƙafa ne kuma da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma yamma lis, a cikin gari ma ba sai daji ba. Ki nemi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ki shafa a hannu da ƙafa da wuya, in kina shafa man kariyar rana to shi zaki fara sannan na sauro a kai.

In zazzaɓi ya kama ki a can, da ciwon kai ta bayan ido da ciwon gaɓoɓi kamar an miki duka, kar kice maleriya ce ki afa Coartem ki kwanta kamar yadda muke yi a gida, baya yiwa dengi komai. Farasitamol kawai zaki sha, banda ibuprofen, banda asfirin, banda diclofenac, domin suna iya jawo zubar jini, sannan ki tafi asibiti a gwada. In kika ga jini a dasashi ko haɓo, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, to a wannan daren zaki tafi, kuma yawanci lokacin da zazzaɓin ya fara sauka ne waɗannan alamun suke bayyana, lokacin da mutum yake zaton ya warke.

Maleriya kuwa ya danganta da inda zaki. Cikin Kuala Lumpur ko Bangkok ba'a buƙatar maganin rigakafi, amma dazukan Borneo da yankin Papua akwai ta. Wadda ta daɗe a Ingila ko Amurka ta sani ɗan sabon da jikinta yayi da maleriya ya ragu, haka mai ciki, waɗannan su ga likita kafin tafiya. Doxycycline da ake bayarwa ba'a ba mai ciki, kuma yana sa rana ta ƙona fata da wuri.

Tambaya: Salam Dakta, wane magunguna zan riƙe? Kuma ina da ciwon baya wani lokacin ina shan tramadol.

Amsa: Hajiya bari in fara da na ƙarshen don shine yake ɗaga min hankali. Tramadol da kodin a ƙasashe da dama, irin su Saudiyya, Daular Larabawa, Masar, Singafo da Indonesiya, kayan da ake kama mutum a kansu ne in babu takardar likita, wasu ma sai an nemi izini tun kafin a shiga. In likita ne ya ɗora ki a kai ki koma wajensa ya duba ko akwai madadi, in kuma da kanki kike saya to wannan magana ce da ya kamata ku zauna da likita ko ba tafiya. Duk maganin da zaki ɗauka ya zauna a kwalinsa na asali da lambar NAFDAC, kar a ɓare a zuba a leda. Garin magani na gargajiya da kayan mata marasa suna su ma a bar su a gida. Kuma saƙon wani, ko ƙulli ne kamar na daddawa, in baki buɗe kin gani da idonki ba kar ya shiga jakarki, ko wacece ta baki.

Abin da nake cewa a riƙe kaɗan ne, farasitamol, filasta, maganin ƙaiƙayi irin loratadine, man wanke hannu, da ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, kamar leda goma. ORS ɗin nan yafi komai muhimmanci a jakar, don gudawa ita ce ciwon da yafi kama matafiya. In ya ƙare ki haɗa da kanki, ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Loperamide yana tsayar da gudawa in zaki hau doguwar mota, amma in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi ba'a shansa, asibiti ake zuwa. Ki ci abincin da aka sauke a gabanki yana tururi, ki sha ruwan roba da murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, yankakken kayan marmari na tire da ƙanƙarar da baki san ruwanta ba ki haƙura dasu. Biri ko kare in ya cije ki ko ya yakushe ki, a Bali birai har jaka suke fizga, ki wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ki wuce asibiti a ranar saboda allurar haukan kare.

Tambaya: Katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) dole ne? Nayi allurar tun 2017.

Amsa: Ki tafi dashi, ƙasashe da yawa suna tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, saboda haka ba sai kin sake ba, sai dai ki leƙa ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano su tabbatar katin naki irin wanda ake karɓa yanzu ne. Wadda bata taɓa yi ba tayi aƙalla kwana 10 kafin tashi, mai ciki ko mai shayar da jariri ta faɗa musu kafin a yi mata.

Tambaya: Dakta 'yata ce mai sikila, shekararta 23, ta dage sai ta bi ƙawayenta Zanzibar. Hankalina bai kwanta ba, in hana ta?

Amsa: Mama na fahimci tsoronki, duk uwar da ta kwana a gefen gadon asibiti tana matsa wa ɗanta ƙafa ta san abin da kike ji. Amma in jikinta ya kwana biyu lafiya kuma likitanta ya duba ta ya auna jininta ya amince, zata iya zuwa. Abubuwan da suke tada ciwon sune ƙarancin ruwa, gajiya, sanyi bayan zafi, da maleriya, kuma duk ana iya shirya musu. Robar ruwa kar ta bar hannunta, a jirgi ma ta dinga sha tana tashi tana ɗan takawa. Ta riƙe rigar sanyi da safa a kusa saboda esin jirgi da na mota, in ta shiga ruwan teku kar ta daɗe kuma ta goge jiki ta canja kaya nan take. Jakarta ta zama mafi sauƙi a cikinsu, kuma hawan dutse mai tsayi irin Kilimanjaro ba da ita ba saboda ƙarancin iska.

Folic acid da maganin rigakafin maleriya da duk abin da take sha ta ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar da sati ɗaya, a jakar hannu. Likitanta ya rubuta mata takarda da Turanci mai ɗauke da nau'in sikilarta, rukunin jininta, da magungunan da ake bata in ciwo ya tashi, ta ɗauki hotonta a waya ta tura miki kwafi. A yi mata inshorar lafiya ta tafiya wadda aka faɗa musu tana da sikila tun farko. Sannan ki kira ɗaya daga cikin ƙawayen, wadda kika fi yarda da hankalinta, ki zaunar da ita ki gaya mata cewa zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama sama ba'a jiran gari ya waye, kuma tun ranar da suka sauka su tambayi asibiti mafi kusa da masaukinsu.