Hafsan ko-ta-kwana da horon saukar laima

Tambaya: Ɗana hafsa ne a rundunar ko-ta-kwana ta sojan Amurka, yana kuma da aikinsa na farar hula. Zai iya samun horon saukar laima?

Amsa: Zai iya, Malam, sai dai gurbi ne ke wuya. Rundunarsa ce za ta nema masa, kuma an fi ba wanda muƙaminsa ke buƙatar dirar. Dole likitan soja ya tantance shi.

Mako 3 ake yi a Fort Benning, jihar Jojiya. Makon farko a ƙasa, ana koyon faɗuwa: ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, a taɓa ƙasa da gaban tafin ƙafa, sai sha-raɓa, cinya, ɗuwawu, gefen baya. Wanda ya ware ƙafafu, ɗaya ce za ta ɗauki nauyinsa duka, nan idon sawu ke karyewa. Mako na biyu atisaye a kan hasumiya. Na uku dira 5 daga jirgi, daga tsayin ƙafa 1,250, igiyar da aka maƙala a jirgin ce ke buɗe laimar.

Gara ya fara gudu tun yanzu, don gudun safiya na kayar da mutane a horon.