Malamina ya ce sai da LaTeX: dole ne?

Ƙanwata, kin ce kina digiri na biyu a fannin lissafi a Jami'ar Jos, malaminki ya ce da LaTeX, wato manhajar tsara rubutu don bugawa, za ki rubuta kundinki, ke kuma Word kika saba. Shawarata, ki daure ki koya.

Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya ƙirƙiri manhajar TeX, ya fitar da ita a 1978, saboda bai gamsu da yadda ake buga lissafi ba. Daga baya Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa. Ke dai alama za ki sa, cewa nan babi ne, nan ƙa'idar lissafi ce, manhajar ta tsara shafi, ta jera lambobi da kanta. Ko malam ya ce a cire babi guda, lambobin duk za su gyaru. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili. Mujallun lissafi da yawa ma da shi suke karɓar maƙala.

Farkon akwai wuya kam. Ki fara da Overleaf, shafin intanet da ake rubuta LaTeX a kai, amma ki sauke TeX Live, wato ƙunshin manhajojin LaTeX, a kwamfutarki don ranar da babu intanet. Ki kuma karɓo ƙa'idojin tsara kundi daga makarantar digiri na biyu kafin ki yi nisa.