An aiko min da takardar cease and desist, ƙwace min kaya za a yi?

Tambaya: Salam barista. Turare nake haɗawa ina sayarwa a Kano, jiya aka kawo min takarda daga ofishin wasu lauyoyi wai sunan da nake mannawa a kwalabena yayi kama da na wani kamfani, a samanta an rubuta cease and desist. Maƙwabcin shagona yace ma'anarsa za a zo ayi sizin ɗin kayana. Wallahi ban runtsa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, cease na nufin ka daina, shikenan. Turancin takarda ne, na kotu da ofis da labarai, a hira stop ake cewa. Ita ce a cikin ceasefire, wato tsagaita wuta. Desist kuma ka janye hannunka kar ka sake, kuma a jimlar Turanci da kalmar from take tafiya.

Wadda maƙwabcinka yake nufi seize ce, ƙwacewa, irin wadda kwastam ke yiwa shinkafar waje a hanyar Jibiya. Cease da sautin s take ƙarewa, seize da z, amma a bakinmu duk "siz" suke fita, har a Facebook zaka ga mai digiri ya rubuta seize fire kuma ba wanda zai gyara masa. Wannan ruɗanin kullum sai ya shigo min ofis kuma gaskiya ya ishe ni, domin ba a dariya yake tsayawa ba, mutum ya karɓi takarda maimakon ya kai wa lauya sai ya kai wa masu zaman bakin kotu da 'yar jakar fayil, su karanta masa a juye suce ai gobe motar 'yan sanda zata zo, kawo kaza a kashe maganar. Wani cikin dare zai kwashe kaya ya ɓoye gidan surukai, wani ya karyar da su rabin kuɗi. Akan me? Wasiƙar da lauya ya buga a kwamfutarsa! Duba taka da kyau, akwai sunan kotu? Lambar ƙara? Sa hannun alƙali? In babu, gargaɗi ne kawai ba umarni ba. Lauya bashi da ikon ɗaukar ko kwalba ɗaya, sai da odar kotu, ko hukuma irin NAFDAC a hurumin ta.

Amma fa kar ka cusa ta ƙarƙashin kantar shago ka manta. Galibi akwai wa'adi a ciki, in ya wuce suna iya shigar da ƙara Babbar Kotun Tarayya, kuma wasiƙar zata zama shaidar an gargaɗe ka. Kar kuma kace ai kayi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, rajistar sunan kasuwanci daban, ta tambarin kaya daban. Ɗauki takardar da kwalba ɗaya mai lambar ka kai wa lauya kafin wa'adin ya cika, kuma kar ka kira su a waya ka fara basu haƙuri.