Amsoshin Tambayoyi: Me ya kamata in biya don kula da sabar daga nesa?

Malam, na yi hayar ƙaramar sabar, wato kwamfutar da ke nesa da za ta ɗauki shafina na intanet. Kamfanin ya ce in ƙara kuɗi a saka mini cPanel, abokina kuma ya ce in koyi layin umarni. Wanne zan bi?

Ɗan'uwa, in shafi ɗaya ne ko biyu, riƙe kuɗinka. Lasisin cPanel, wato manhajar kula da sabar ta danne-danne a burawuza, duk wata ake biya, kuma yana cinye kaso mai tsoka na ƙwaƙwalwar sabar mai gigabait 1. Ya fi dacewa da mai kula da shafukan mutane da yawa. Kai SSH ya ishe ka, wato hanyar shiga sabar daga nesa ta layin umarni, inda kake rubuta umarni da kanka. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro shi a Finland a 1995, bayan an sace kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu, don haka duk abin da ka rubuta a lulluɓe yake tafiya.

Abin da nake so ka fara da shi shi ne mabuɗin SSH, wanda za ka riƙa shiga da shi maimakon kalmar sirri. Rubuta `ssh-keygen -t ed25519` a kwamfutarka, za ta fitar da fayil biyu. Mai ƙarewa da `.pub` shi za ka ɗora a sabar. Ɗayan kuwa ko da wasa kada ya bar kwamfutarka. Sannan ka hana shiga da kalmar sirri a `sshd_config`, fayil ɗin saitin SSH na sabar. Don ka ga dalili da idonka, buɗe `/var/log/auth.log`, fayil ɗin da sabar Ubuntu ke rubuta yunƙurin shiga, bayan kwana ɗaya: layi bayan layi na baƙin da ba ka sani ba suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, da sunan root (babban asusun sabar) ko admin. Don Allah kuma, kada ka rufe tagar da ka fara shiga sabar da ita sai ka buɗe ta biyu ka tabbatar mabuɗin ya shige. Mutane da yawa a nan suke kulle kansu a waje.

Ina kula da sabar da ke ɗauke da bayanan abokan cinikinmu. In sayi manhajar SSH ta kuɗi?

A'a, 'yar'uwa. Windows 10 na zuwa da manhajar OpenSSH tun 2018, Mac da Linux ma haka, ga wata manhajar, PuTTY, kyauta. Tunda amanar jama'a ce a hannunki, kuɗin ki kai su ga mabuɗin ƙarfe irin YubiKey, 'yar na'urar da ake jonawa a kwamfuta kafin a shiga, wanda OpenSSH 8.2 ya fara karɓa a 2020. Ki sayi biyu, ki yi rajistar duka, ki adana ɗaya a wuri daban.

Sabis yakan yanke mini ina tsakar sabunta manhajoji. In canja kamfani?

Matsalar daga layinka take, ba daga sabar ba. Ka shiga `tmux`, manhajar da ke riƙe aikinka a kan sabar, kafin ka fara kowane dogon aiki. Ko sabis ya ɗauke, aikin na nan yana tafiya can. Kana dawowa ka rubuta `tmux attach`, ka ci gaba daga inda ka tsaya.