Tambayoyinku: Ina son aikin bincike kan rikici da 'yan gudun hijira, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni ƙanwarka ce daga Damaturu, kimiyyar siyasa na karanta, bara na gama bautar ƙasa. Tun ina ƙarama nake ganin 'yan gudun hijira a unguwarmu, wasu ma a gidanmu suka zauna, shi ya sa burina in shiga cikin masu bincike da rubuta rahoto kan rikici da halin da mutane ke faɗawa. Amma duk tallar aikin da na gani sai an ce mastas da gogewar shekaru. Dan Allah ta ina ake farawa? Kuma Babanmu yana jin tsoro.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi tambayarki ta faranta min rai, don mun daɗe ana zuwa daga nesa ana rubuta labarinmu mu kuma muna gefe muna yin tafinta.

Aikin nan kashi biyu ne ko da yake suna cuɗanya. Akwai ɓangaren agaji, su ne masu ƙirga mutum nawa suka bar gida, ina suka sauka, me suke ci, kamar ƙidayar 'yan gudun hijira ta DTM da IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, ke yi a arewa maso gabas tun 2014, ko lissafin yunwa na Cadre Harmonisé da ake yi a ƙasashen Sahel. Sai masu nazari da ba da shawara, su kuma tambayarsu me ya haddasa faɗan, wa ke cin riba, me ya kamata hukuma ta yi. A nan za ki ji cibiyoyin bincike irin su International Crisis Group mai hedikwata a Brussels, da ISS ta Afirka ta Kudu, da CDD a Abuja, gwamnati ma tana da cibiyar IPCR a Abuja da NIPSS da ke Kuru kusa da Jos. Waɗancan tallace-tallacen da suka tsorata ki yawanci na kashi na biyun ne, alhali da yawa daga masu yinsa ta ƙofar farko suka shigo.

Ƙofar ita ce aikin tattara bayanai, na sati biyu ko wata ɗaya, a ba ki waya ko tablet ki bi gida-gida da tambayoyi. Kada ki raina shi. Ki koyi KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, tun yanzu a wayarki, kyauta ne, ki ƙware a Excel sosai ba wai iya buɗewa da rufewa ba, ki riƙa leƙa shafin intanet na ReliefWeb don a nan ake saka guraben aiki da rahotanni.

Ni da shi na fara, kuma ba na manta wata tsohuwa a wani sansani a Borno, muna zaune kan tabarma ƙarƙashin tamfol rana ta take, ina tambayarta sau nawa suka ci abinci jiya, sai ta kalli wayar hannuna ta ce ai bara ma an zo an yi mata wannan tambayar kuma ba ta ga komai ba. Na rasa amsa. Da na ajiye wayar muka ci gaba da hira kawai, a nan ta gaya min abin da babu shi a fom ɗin gaba ɗaya, cewa matan sansanin sun daina zuwa itace ta wata hanya, da dalilin da ya sa. Irin wannan maganar ba a yi wa baƙo ita ta bakin tafinta. Ke kina jin Hausa, wataƙila da Kanuri ko Fulatanci, kin san yadda ake gaida bulama, kin san inda za ki yi shiru, to wannan shi ne jarinki.

Amma fa kada ki dawwama kina tattarowa wasu suna sa sunansu. Ki fara rubutu. Ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, ko Geidam ko Gujba, ki yi rajista da ACLED, shafin da ke tara bayanan rikice-rikice, ki sauke bayanan hare-haren da aka yi can, ki haɗa da abin da kika ji da kunnenki, ki rubuta shafi biyu kacal da Turanci mai sauƙi, me ya faru, me ya sa, me za a yi. Irin wannan guda uku sun fi CV mai tsawo amfani ranar intabiyu. Mastas zai zo daga baya, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da nazarin zaman lafiya da rikici, kuma zai fi miki daɗi in kin riga kin taka ƙasa.

Sannan Faransanci, dan Allah ki koya ko da kaɗan-kaɗan. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 bai tsaya a iyaka ba, ya shiga Diffa, ya shiga arewacin Kamaru da Chadi, Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 ma a N'Djamena take, ga cibiyar LASDEL a Yamai da ke bincike mai zurfi kusan duk da Faransanci.

Ban ɓoye miki ba, kasuwar ta yi sanyi tunda Amurka ta zaftare kuɗin agaji a 2025, mutane da yawa sun rasa aiki, don haka ko koyarwa kika samu ki riƙe kina rubutunki a gefe.

Shi kuma Baba yana da gaskiya, a 2018 an sace ma'aikatan lafiya mata a garin Rann na jihar Borno, aka kashe ungozoma biyu masu aiki da Red Cross. Ki zauna da shi ki nuna masa yawancin aikin nazari a ofis ake yi, kuma duk wanda zai tura ki ƙauye ki tambaye shi tsarin tsaro da inshora kafin ki sa hannu, in ya fara kame-kame ki haƙura da kuɗin. Sunayen waɗanda kika yi hira da su kuwa kada ki bar su a wayarki, ko hotonsu kada ki ɗora a Facebook, ke za ki koma Damaturu su kuma suna can da wanda suka ba ki labarinsa. Ki gaida min Baba.